Kotu ta ce kamfani ya biya miliyoyi, me ya sa dala bakwai kawai ta iso hannun mutum?

"Assalamu alaikum Barista. Ni dai a Amurka nake zaune, shekarata ta shida kenan. Kwanakin baya aka turo min imel wai ina cikin mutanen da suka kai wani kamfani ƙara saboda wasu kuɗaɗe da yake cira mana ba bisa ƙa'ida ba, alhali ni ban taɓa taka ƙofar kotu ba, ban kuma ɗauki lauya ba. Wani abokina ya ce shi ma an taɓa turo masa irinta, a labarai aka ce kamfanin zai biya miliyoyin daloli amma shi dala bakwai aka turo masa bayan shekara biyu. Don Allah wane irin hukunci ne wannan? Kotun ce ke haɗa baki da kamfanoni ko lauyoyi ne ke cinyewa? Kuma ni me ya kamata in yi, in cike fom ɗin ko in share kawai?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya bar zumunci. In na fahimce ka da kyau abu uku kake tambaya: ta yaya aka yi ka zama mai ƙara ba da saninka ba, ina kuɗin ke tafiya tsakanin abin da ake faɗa a labarai da abin da ke shiga asusun mutum, sai kuma abin da ya kamata ka yi da saƙon da ke hannunka. Na yi shekaru ina wannan aikin a ɓangaren masu ƙara, kuma wallahi babu tambayar da aka fi yi min kamar ta biyun nan, sau da yawa ma cikin fushi, kuma ban taɓa ganin laifin mai fushin ba.

Abin da aka saka ka a ciki shi ake kira ƙarar haɗaka, lauyoyin can suna cewa kilas akshon. Asalin tunanin mai sauƙi ne. Ka ɗauka kamfani ya ciri dala 5 a asusun mutum miliyan 10 ba da haƙƙi ba, kaga shi ya tashi da dala miliyan 50, amma a cikin miliyan goman nan babu mutum ɗaya da zai ɗauki lauya ya biya kuɗin shigar da ƙara da ya haura dala 400 a kotun tarayya don ya ƙwato dala 5, don haka in babu hanyar da za a haɗa su su zama murya ɗaya to kamfanin ya ci banza kenan, gobe ma sai ya ƙara. Shi ya sa doka ta yarda mutum ɗaya ko biyu su tsaya a madadin duk wanda abin ya shafa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wannan shi ne ginshiƙin abin gaba ɗaya. A Amurka ƙa'ida ta 23 cikin ƙa'idojin shari'ar kotunan tarayya ita ke tsara wannan, kuma gyaran da aka yi mata a 1966 shi ya kawo abin da ya ba ka mamaki, wato duk wanda ya faɗa cikin siffar da alƙali ya zayyana to yana ciki kai tsaye, sai dai in shi da kansa ya rubuto ya ce a cire shi. Shirunka a idon kotu amincewa ce. Riƙe wannan, zan dawo kansa a ƙarshe don nan ne mutane suka fi cutuwa.

Hukuncin da ya fi kowanne nauyi ba shi ake sa wa a labarai ba

Yawancin mutane in aka ce hukunci abin da ke zuwa musu a rai shi ne ranar da alƙali zai buga guduma ya ce kamfani ya yi laifi. A wannan fagen ranar nan da wuya ta zo. Hukuncin da lauyoyin ɓangarorin biyu ke hana idonsu barci a kansa shi ne na tun farko, inda alƙali zai ce na yarda ku zama rukuni ɗaya ko ban yarda ba. Zai duba ko mutanen suna da yawan da ba za a iya jera su ɗaya bayan ɗaya a kotu ba (a al'ada daga mutum 40 zuwa sama ba a cika gardama ba), ko matsalarsu iri ɗaya ce, ko wanda ya tsaya a gaba abin da ya same shi irin na sauran ne, da kuma ko shi da lauyoyinsa za su riƙe amanar waɗanda ba sa wajen. In kuɗi ake nema akwai ƙarin sharaɗi, dole abin da ya haɗa mutanen ya rinjayi abin da ya raba su. In alƙali ya ce a'a, ƙarar ta mutu ko da kuwa kamfanin ya yi cutar a fili, don ta koma ƙarar mutum ɗaya a kan dala 5. In ya ce e, to ranar kamfanin zai fara neman sulhu, don babu shugaban kamfanin da ke son ya miƙa wuyansa ga juri, wato mutanen gari da kotu ke zaɓowa su saurari shari'a, su yanke masa diyyar mutum miliyan goma a zama ɗaya.

Kotun Ƙolin Amurka ta yi ta ƙuntata wannan ƙofar a 'yan shekarun nan. A 2011, a shari'ar Walmart da Dukes, mata ma'aikata kusan miliyan ɗaya da rabi suka so a haɗa su kan nuna bambancin albashi, kotu ta ce a'a, tunda manajoji dubbai ne kowa ke yanke nasa hukuncin a shagonsa babu tambaya ɗaya da amsarta za ta warware wa kowa. Shari'ar ma'aikata ce amma tun daga ranar duk lauyan kamfani da na gamu da shi a ƙarar kwastomomi sai ya ɗauko ta. A 2013 kuma a shari'ar Comcast da Behrend, masu biyan kuɗin talabijin na kebul sama da miliyan 2 a yankin Filadelfiya, kotu ta rushe haɗakar saboda lissafin diyyar da masaninsu ya kawo bai dace da ainihin laifin da aka yarda a saurara ba.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta TransUnion da Ramirez a 2021. Sergio Ramirez ya je sayen mota a Kalifoniya da matarsa da surukinsa, an gama ciniki, sai dillali ya duba bayanan bashinsa ya ce ba zai sayar masa ba, sunansa ya yi kama da na wani a jerin 'yan ta'adda da masu safarar ƙwaya na Baitulmalin Amurka. Kamfanin TransUnion, wanda shi ke tara bayanan bashin mutane yana ba irin su dillalin, suna kawai yake kwatantawa, ba ya duba ranar haihuwa ko wani abu. Da sunan matarsa aka sayi motar. Ka yi tunanin mutum a tsaye gaban surukinsa ana ce masa ɗan ta'adda. Mutum 8,185 aka yi wa wannan tambarin, juri suka yanke diyyar da ta kai wajen dala miliyan 60, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa kusan miliyan 40. Da aka je Kotun Ƙoli, alƙalai 5 cikin 9 suka ce mutum 1,853 ne kaɗai aka tabbatar an tura bayanansu ga wani a waje, sauran 6,332 ƙaryar tana kwance ne a kwamfutar kamfani babu wanda ya gani, don haka babu cutarwa ta zahiri, ba su da hurumin ƙara a kotun tarayya. Ni a ganina alƙali Clarence Thomas da ya ƙi yarda da su shi ya fi gaskiya, tunda majalisa da kanta ta ba mutane wannan haƙƙin a doka, amma dai hukuncin masu rinjaye shi ne doka yanzu, kuma duk wata ƙarar satar bayanai ko kutse sai an fara kokawa a kan wannan tambayar, wa ya cutu a zahiri wa kuma tsoron cutuwa kawai yake.

Sa hannun da ka yi ba ka karanta ba

Akwai wata ƙofar da ta fi wannan rufuwa. Duk lokacin da ka buɗe asusun banki, ko ka sayi layin waya, ko ka danna "na amince" a wata manhaja, akwai yiwuwar a can cikin rubutun akwai sakin layin da ke cewa in rigima ta taso ba za ka je kotu ba, wajen mai raba gardama mai zaman kansa za ka je, kuma kai kaɗai, ba a rukuni ba. Vincent da Liza Concepcion sun karɓi waya da kamfanin AT&T ya tallata cewa kyauta ce, sai aka caje su harajin dala 30 da santi 22. Kotunan Kalifoniya suka ce irin wancan sakin layin zalunci ne ba za a yi aiki da shi ba. A watan Afrilun 2011 Kotun Ƙoli, 5 da 4, ta ce dokar tarayya ta 1925 kan sasanci a wajen kotu ta fi ƙarfin dokar jiha, dole a bi abin da aka sa wa hannu. Alƙali Stephen Breyer a nasa ra'ayin na ƙin yarda ya tambaya wane lauya mai hankali ne zai ɗauki shari'a don dala 30, kuma tambayar har yau babu wanda ya amsa masa. Hukumar kare masu mu'amala da bankuna ta fito da ƙa'ida a 2017 don hana bankuna wannan dabarar, majalisar dattawa ta soke ta da ƙuri'a 51 da 50, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Mike Pence, ne ya raba kunnen dokin. Don haka ɗan'uwa, zuwan saƙon nan hannunka ma alama ce ƙararku ta tsallake ramuka biyu da ɗaruruwan irinta ke faɗawa.

Ina kuɗin ke tafiya

To yanzu ga tambayarka ta biyu. Abu na farko, abin da 'yan jarida ke kira hukunci sau da yawa sulhu ne da alƙali ya sa wa hannu, kuma kusan kullum akwai layin da ke cewa kamfani bai amsa laifi ba. Aikin alƙali a nan shi ne ya duba ko sulhun adalci ne, mai ma'ana ne, kuma ya wadatar, ya ba da izinin farko, a tura sanarwa irin wadda ka samu, a ba mutane lokaci, sannan a yi zaman ƙarshe inda duk wanda ke da ƙorafi zai iya magana. Daga kuɗin da aka ambata za a fara cire ladan lauyoyi, wanda yawanci kashi 25 ne cikin ɗari zuwa sulusi, sai kuɗin masana da kuɗin kamfanin da ke buga wasiƙu da tantance fom da raba kuɗin, sai ɗan abin da ake ba waɗanda suka tsaya a gaba. Ragowar ita za a raba. Sannan ka kula da kalmar "har zuwa" a kanun labarai, in aka ce har zuwa miliyan kaza to wannan rufin ɗaki ne, ba lallai a kai can ba.

Shari'ar Equifax, wani kamfanin tara bayanan bashin mutane, ita nake ba ɗalibai misali da ita. A 2017 aka yi wa kamfanin kutse aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147, har da lambobinsu na soshal sikiyuriti, wato lambar da gwamnatin Amurka ke tantance mutum da ita. A 2019 aka sanar da sulhu na har zuwa dala miliyan 700, aka ce kowa zai iya zaɓar dala 125 a hannu ko a riƙa sa masa ido a kan bayanan bashinsa kyauta. Kowa ya ruga wajen dala 125. Abin da mutane ba su lura ba shi ne tukunyar da aka ware wa wannan zaɓin dala miliyan 31 ce kacal, ka raba 31,000,000 da 125 za ka samu mutum 248,000, wato daga mutum na 248,001 rabon kowa ya fara raguwa, kuma miliyoyi ne suka cike. Har sai da hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fito tana roƙon mutane su canja zaɓi. Da kuɗin suka fara fita a ƙarshen 2022 da yawa 'yan daloli suka gani. Inaga abin da ya sami abokinka irin wannan ne, babu wanda ya sace kuɗinsa, tukunyar ce ƙarama masu hannu da yawa, amma kuma a gaskiya bai kamata a bari a buga lambar 125 ɗin nan a gaban sanarwa ba tunda masu lissafin sun san ba za ta kai ba.

Akasin haka ma na faruwa. Apple ya amsa a Disambar 2017 cewa yana rage wa tsofaffin iPhone gudu saboda batiri, a 2020 aka yi sulhu na tsakanin dala miliyan 310 da 500, aka ƙiyasta dala 25 kowace waya, amma da yake waɗanda suka cike fom ba su kai yadda aka zata ba kuma akwai ƙasan da kuɗin ba zai sauka ƙasa da shi ba, a Janairun 2024 mutane suka ga wajen dala 92. Haka mazauna jihar Ilinoi da Facebook ya adana taswirar fuskokinsu ba izini, sulhun dala miliyan 650, sun samu kusan dala 400 kowannensu. Wani bincike da FTC ta fitar a 2019 a kan sulhu 149 ya nuna a tsaka-tsaki mutum 9 ne cikin 100 ke cike fom. Tara fa. Sauran 91 ɗin sun yafe haƙƙinsu na ƙara kuma ba su karɓi ko sisi ba.

Idan kana son ganin inda tsarin ya yi aiki yadda ya kamata to ka dubi Volkswagen. A Satumbar 2015 aka gano ya saka wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, a kan titi kuma ta saki. A Oktoban 2016 alƙali Charles Breyer a San Faransisko ya amince da sulhun dala biliyan 14.7 kan motoci kusan 475,000, kamfani zai sake sayen motar ko ya gyara, sannan ya ɗora wa mai ita tsakanin dala 5,100 da 10,000, kuɗin lauyoyi kuma daban ya biya ba a taɓa na mutane ba. Me ya bambanta? Kamfanin ya amsa laifi, gwamnati na tsaye a kansa da tata tuhumar, kowane mai mota sananne ne da lambar motarsa, asarar kuma babba ce mai auno. Duk inda waɗannan suka haɗu mutane na samun abin kirki. Inda asarar ta zama 'yar ƙarama kuma babu rajistar waɗanda suka saya, misali kayan kanti da mutum ya saya shekara huɗu da suka wuce ya yar da rasit, to nan ne ake samun dala bakwai.

Kan zargin lauyoyi kuwa ba zan kare 'yan sana'ata a kan komai ba. Akwai sulhun da kura ke shan bugu gardi na karɓar kuɗi. A 2013 wani matashi a Ostireliya ya auna burodin kamfanin abinci na Subway da ake tallatawa mai tsawon inci 12 ya ga 11 ne, ya sa hoton a Facebook, lauyoyi a Amurka suka shigar da ƙara. Bincike ya nuna ƙullun nauyinsa ɗaya ne, gasawa ce ke sa wani ya ɗan gajarta, wato babu wanda aka rage wa abinci. Maimakon su janye sai suka yi sulhu, lauyoyi dala 520,000, mutum goman da suka tsaya a gaba dala 500 kowanne, sauran jama'a kuma alƙawarin za a riƙa auna burodi. Wani lauya Ted Frank, wanda shi ma yana cikin rukunin, ya ƙalubalanta, a 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta bakwai a Shikago ta yi watsi da sulhun ta ce ba shi da wani amfani ga mutane. Na kawo wannan don ka ga amsar tambayarka ta ko kotu na haɗa baki. Matsalar da na gani da idona ba haɗin baki ba ce, ita ce da zarar an yi sulhu lauyan masu ƙara da lauyan kamfani sun koma gefe ɗaya, duka so suke a sa hannu, alƙali ya saba da jin ɓangare biyu suna jayayya yanzu babu mai ja, in ba wani ya miƙe daga cikin jama'a ba to abin da aka kawo masa kawai zai gani. Wata doka da majalisar Amurka ta yi a 2005 ta ɗan taimaka, ta mayar da manyan ƙararraki da suka haura dala miliyan 5 zuwa kotun tarayya, ta ce in takardar rangwame aka raba wa mutane a madadin kuɗi to ladan lauya da ke rataye da ita a lissafa shi a kan waɗanda aka yi amfani da su a zahiri, ta kuma wajabta a sanar da manyan lauyoyin jihohi kafin a rufe.

A ɗaya gefen kuma ka sani lauyan da ya ɗauki irin wannan ƙarar daga aljihunsa yake kashewa, shekara huɗu, biyar, wani lokaci fiye, in ya faɗi ba ya samun komai. Mun taɓa yin shekara uku a kan wata ƙara, mun biya masana, mun karanta takardun kamfani kwali-kwali, alƙali ya ƙi haɗa rukunin a hukunci mai shafi goma sha wani abu, shi kenan ta tafi. Kuma ko da dala bakwai ce ta iso wa abokinka, kamfanin miliyoyin ya fitar, sau da yawa kuma an sa shi ya daina cirar kuɗin, wanda wannan amfanin ba ya zuwa a cek amma yana nan a bil ɗin kowane wata.

A wajen Amurka abin bai kai haka faɗi ba. Birtaniya sai a 2015 ta buɗe irin wannan ƙofar ta kowa-na-ciki, kuma a shari'un gasar kasuwanci kawai. Wani mai suna Walter Merricks ya kai kamfanin katin banki na Mastercard ƙara a 2016 a madadin mutum miliyan 46 yana neman fam biliyan 14, sai da aka je Kotun Ƙolin Birtaniya a 2020 kafin a buɗe masa hanya, a ƙarshen 2024 aka sasanta a kan fam miliyan 200. Ƙarar Lloyd da Google kan bayanan masu iPhone kuwa Kotun Ƙolin ta kore ta a 2021. Tarayyar Turai ta yi dokarta a 2020, amma a can ƙungiyoyin kare masu saye da aka amince da su ne ke shigar da ƙarar, ba kowane lauya ba.

To kai me za ka yi

Fara da tabbatar da saƙon na gaskiya ne, don 'yan damfara sun gano wannan hanyar. Kar ka danna mahaɗin da ke cikin imel ɗin, ka ɗauki sunan shari'ar da lambarta da sunan kotun ka bincika da kanka, sanarwar gaskiya dole tana ɗauke da ukun nan. Ba a biyan ko santi ɗaya don shiga ko don karɓar rabo, kuma babu mai tambayarka lambar sirrin banki. Duk wanda ya ce turo kuɗin aiki ɓarawo ne.

In ta tabbata, zaɓi huɗu ne a gabanka. Ka cike fom ka karɓi rabonka. Ka rubuta ka ce a cire ka, ba za ka samu komai daga sulhun ba amma haƙƙinka na kai ƙara da kanka yana nan. Ka zauna a ciki amma ka rubuta wa alƙali ƙorafi. Ko ka yi shiru, wanda shi ne mafi muni cikin huɗun, don a mafi yawan sulhu mai shiru ya yafe kuma bai karɓa ba, sai dai in irin sulhun da ake tura kuɗi kai tsaye ne ba sai an cike komai ba, sanarwar za ta faɗa.

Bari in ba ka labarin da ya sa nake nanata wannan. Wani dattijo ya zo ofishinmu da fayil ɗin roba cike da hotuna da rasit, wata na'urar dumama ruwa ce ta fashe a gidansa cikin dare ta jiƙa ƙasan gidan gaba ɗaya, katako ya kumbura, bango ya yi baƙi, inshora ta biya rabi ta bar shi da sauran. Hujjarsa tsaf, har guntun bututun da ya tsage ya zo da shi a leda. Ina bincike sai na tarar an riga an yi sulhun haɗaka a kan wannan samfurin, wa'adin cire kai ya wuce da wata biyar, kuma sakin layin yafewar ya haɗa har da ɓarnar dukiya. Na tambaye shi ko an taɓa aiko masa wani kati, ya yi shiru, ya ce akwai wani ɗan ƙaramin kati da ya ɗauka talla ce ya jefa a shara. Abin da sulhun zai ba shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na asararsa ba. Har yau ina tuna yadda ya mayar da bututun nan cikin ledar a hankali ya ɗaure bakinta. Babu abin da na iya yi masa sai taya shi cike fom ɗin da ya rage.

Don haka ma'aunin da nake ba mutane shi ne girman asararka. In abin da aka cire maka dala 10 ne ko 40, cike fom ɗin, minti biyar ne, ba za ka taɓa kai ƙara kai kaɗai a kansa ba, kuma duk wanda ya cike yana rage abin da zai iya komawa aljihun kamfani a irin sulhun da ragowa ke komawa. In kuwa asararka ta fi ta sauran mutane nesa, dubbai ne, ko ta taɓa lafiyarka ko gidanka ko ta hana ka bashi ko aiki, to kar ka taɓa fom ɗin sai ka nemi sakin layin da ke lissafa abin da kake yafewa ka kai wa lauya ya karanta, kafin ranar rufewa ba bayanta ba. In kuma ka ga kason lauyoyi ya yi yawa ko rabon bai yi maka ba, rubuta ƙorafin, ba sai da lauya ba, wasiƙa ce da sunanka da lambar shari'a da dalilinka. Na taɓa zama a kotu alƙali ya ɗaga wata wasiƙa da aka rubuta da biro ya karanta ta da ƙarfi, sannan ya juyo ya ce mu amsa masa tambayar da ke ciki, kuma bai sa hannu ranar ba sai da aka gyara yadda za a tura kuɗin.

Batun jinkiri kuma ka shirya masa, bayan zaman ƙarshe in mutum ɗaya ya ɗaukaka ƙara kuɗin kowa na tsayawa, shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne, don haka in ka canja gida ko imel ka sanar da masu rabon, kuma in cek ya zo kar ka ajiye shi, yana da wa'adi.

Ban ga takardarka ba, kuma kowane sulhu da nasa sharuɗɗan, abin da na faɗa a nan bayani ne na gaba ɗaya daga aikin da na yi a kotunan tarayya, kotunan jihohi suna da 'yan bambance-bambance. In ka buɗe sanarwar ka nemi ranaku uku, ranar rufe cike fom, ranar rufe cire kai da ƙorafi, da ranar zaman ƙarshe. Ta cire kai takan riga ta fom zuwa, ita za ka fara rubutawa.